Da Wane Mudu Ake Auna Talauci?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ya san cewa ba a ƙulla ciniki sai an ga mudu. Mai saye yakan ɗaga shi ya duba gindinsa ko an buga shi ciki, domin ya san ba lalle ba ne mudun da ɗan kasuwa ya auno da shi a ƙauye ya zama shi ne yake sayarwa da shi a birni. Idan har ana yin wannan taka-tsantsan a kan gero da dawa, ina ga an zo batun auna rayuwar 'yan Adam?

Abin da ya ja hankalina ga wannan rubutu shi ne wasu abubuwa biyu da suka faru a shekarar 2025. A watan Yuni, Bankin Duniya ya ɗaga ma'aunin matsanancin talauci daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana, kuma da aka sake lissafin shekarar 2022 da sabon ma'aunin haɗe da sababbin bayanai, sai yawan matalautan duniya ya tashi daga miliyan 713 zuwa miliyan 838. Wato an sami ƙarin mutum miliyan 125 a takarda, alhali babu tukunyar da ta ragu ko ta ƙaru a ranar da aka yi sanarwar. A watan Oktoba kuma, bankin ya ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 139 ne ke cikin talauci, fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce ba ta yarda da wannan adadi ba. Talakan da ake jayayya a kansa kuwa yana gefe yana sauraron rediyo, bai san wa zai gaskata ba.

Ra'ayina a nan shi ne, alƙaluman talauci abu ne mai amfani wanda bai kamata mu yi watsi da shi ba, amma kada mu karɓi kowane adadi daga bakin kowa sai mun ɗaga mudun mun duba gindinsa. Zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ake awon, da abin da ya nuna a shekaru talatin da wani abu da suka wuce, da kuma inda yake da naƙasu.

Asalin Mudun Dala Ɗaya

A shekarar 1990 ne Bankin Duniya ya fito da ma'aunin da aka fi sani da dala ɗaya a rana, a cikin rahotonsa na shekara wanda ya keɓe wa batun talauci. Masanin tattalin arziki Martin Ravallion da abokan aikinsa su ne suka yi aikin da aka ɗora ma'aunin a kansa. Ba da ka suka zaɓi dala ɗayar ba. Sun duba iyakar da wasu ƙasashe mafiya talauci suka shata wa kansu, wato abin da kowace ƙasa ta ɗauka shi ne mafi ƙarancin da mutum zai samu ya ci abincin da zai riƙe shi ya kuma biya 'yan buƙatun dole, sai suka tarar iyakokin sun taru a kusa da dala ɗaya. Daga nan aka yi ta sabunta ma'aunin: ya koma dala 1.25 a 2008, dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025.

Akwai abubuwa biyu da mutane da yawa ke kuskuren fahimta, har da wasu masu sharhi a kafofin watsa labarai. Na farko, dalar da ake magana ba dalar 'yan canji ba ce. Dala ce ta lissafi, wadda aka daidaita ta da farashin kaya a kowace ƙasa. Idan aka ce dala 3, ana nufin gwargwadon abin da dala 3 za ta iya saya a Amurka a shekarar 2021. Saboda haka wanda ya ɗauki farashin dala a kasuwar bayan fage ya ninka sau uku ya ce ga iyakar talauci a Nijeriya, ya yi kuskure. Haka kuma wanda ya ce ai dala uku kuɗi ne mai yawa a ƙauye tunda kaya na da araha, shi ma ya yi kuskure, domin an riga an sa arahar a lissafi.

Na biyu, a yawancin ƙasashe masu tasowa ba kuɗin da ya shigo aljihu ake ƙirgawa ba, abin da gida ya ci ya kuma kashe ake ƙirgawa. Ma'aikatan ƙididdiga kan zaɓi wasu gidaje su bi su da tambayoyi: me kuka ci, me kuka saya, nawa kuka biya a makaranta da asibiti. Har hatsin da manomi ya ɗebo daga rumbunsa ana yi masa kuɗi a sa a ciki. Sai a raba jimillar da yawan mutanen gidan. Wanda kasonsa ya gaza kai wa iyakar, shi ne aka kira mai fama da matsanancin talauci.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Mu fara da labari mai daɗi, domin gaskiya ce kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Bisa ma'aunin dala 1.90, a 1990 mutum kimanin biliyan 1.9 ne ke cikin matsanancin talauci, wato kashi 36 cikin ɗari na al'ummar duniya. Zuwa 2015 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 736, wato kashi 10 cikin ɗari, duk da cewa jama'ar duniya sun ƙaru ƙwarai a wannan tsakani. Burin farko na Muradun Ƙarni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2000, wato rage kason matalauta da rabi kafin 2015, an cim masa tun a 2010. Wannan ne ya ƙarfafa wa shugabannin duniya gwiwa har suka yi alƙawari a 2015 cewa za a kawar da matsanancin talauci baki ɗaya kafin 2030.

To amma fa ruwan ba ko'ina ya sauka ba. Ƙasar Sin ita kaɗai ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga wannan hali cikin shekaru arba'in, abin da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na duk raguwar da aka samu a duniya a wannan lokaci. Indiya da Indunusiya da Biyetnam da Bangaladash su ma sun taka rawar gani. A Afirka kudu da hamadar Sahara kuwa labarin daban ne. Kason matalauta ya ragu daga kashi 54 a 1990 zuwa kashi 41 a 2015, amma yawansu ya tashi daga miliyan 278 zuwa miliyan 413, saboda jama'a sun fi arziki saurin ƙaruwa. Ka ga ke nan mutum biyu za su iya tsayawa a kan mumbari ɗaya, wannan ya ce talauci ya ragu a Afirka, wancan ya ce ya ƙaru, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ɗaya na maganar kaso, ɗaya na maganar kawuna.

Daga bisani ma tafiyar ta yi sanyi. Annobar korona ta jefa mutum kimanin miliyan 70 cikin matsanancin talauci a 2020, karo na farko da adadin duniya ya tashi bayan shekaru masu yawa yana sauka. Rahoton Bankin Duniya na 2024 ya nuna cewa Afirka kudu da Sahara, wadda ke da kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, ita ke ɗauke da kashi 67 na masu matsanancin talauci, kuma bankin da kansa ya amsa cewa a yadda ake tafiya ba za a cika alƙawarin 2030 ba. A taƙaice, talaucin da a da ake yi wa kallon matsalar Asiya ya tattara komatsansa ya tare a nahiyarmu, musamman a ƙasashen da ke fama da yaƙi da rashin zaman lafiya.

Inda Mudun Yake da Lanƙwasa

Naƙasu na farko shi ne ƙanƙantar iyakar ita kanta. Mutumin da ya haura dala 3 da 'yan kwabbai ya fita daga lissafi, amma zazzaɓi guda na ɗansa ko mutuwar akuya biyu ya isa ya maido shi. Philip Alston, wanda ya riƙe muƙamin mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan matsanancin talauci, ya soki wannan ma'auni a rahotonsa na 2020, inda ya nuna cewa an ajiye iyakar ƙasa ƙwarai har ta sa duniya na tafa wa kanta a kan nasarar da ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Bankin Duniya ma yana da wasu iyakoki na sama, kuma rahotonsa na 2024 ya nuna cewa mutum kimanin biliyan 3.5 ne ke rayuwa ƙasa da dala 6.85 a rana, adadin da kusan bai motsa ba tun 1990.

Na biyu, ƙirga kawuna ba ya nuna zurfin rami. Amartya Sen, masanin nan ɗan Indiya wanda ya sami kyautar Nobel a 1998, ya yi wannan gargaɗi tun a 1976. Wanda ya rage masa taku ɗaya ya tsallake iyaka da wanda yake can ƙasan rijiya duk mutum ɗaya-ɗaya ne a lissafi. Illar wannan a bayyane take. Gwamnatin da ke neman alƙaluma masu kyau kafin zaɓe za ta fi samun sauƙi ta tallafa wa na bakin iyaka su tsallake, ta bar waɗanda suka fi kowa galabaita. Har ila yau, tunda ana raba abin gida daidai wa daida a takarda, lissafin ba ya ganin gidan da maigida ke cin tsire a waje yara na kwana da kunu.

Na uku, amsar da za ka samu ta dogara da yadda ka yi tambaya. Misalin Indiya ya isa hujja. A binciken 2011 zuwa 2012 an yi amfani da hanya fiye da ɗaya. A wata an ce wa mutane su tuna duk abin da suka kashe cikin kwana 30. A wata kuma an rage wa wasu kayan abinci zuwa kwana 7, an tsawaita wa irin su tufafi zuwa shekara guda. Da ma'aunin dala 1.90, hanyar farko ta ba da kashi 21 cikin ɗari na matalauta, ta biyu ta ba da kashi 12. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, amma tazarar ta haura mutum miliyan 100. Dalili kuwa mai sauƙi ne: mutum ya fi tuna cefanen makon jiya a kan na watan jiya. Kai mai karatu gwada ka faɗi abin da ka kashe a kan abinci daga farkon watan da ya wuce zuwa ƙarshensa, ka ga ko za ka iya.

Wanda ya san ƙauyukanmu zai ƙara wasu matsalolin a kan wannan. Gidan da aka ziyarta da kaka, rumbu cike, ba shi ne gidan da za a tarar a tsakiyar damina ba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ga kuma rufin asiri. Akwai magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya faɗa wa baƙo mai riƙe da takarda cewa jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Akwai kuma wanda da ya ga takardar zai ɗauka rabon tallafi ne, sai ya ɓoye abin da yake da shi. Ƙwararrun masu bincike sun san da waɗannan, suna kuma ƙoƙarin magance su ta hanyar baza ziyara a cikin watannin shekara, amma wannan na buƙatar kuɗi da lokaci.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran muni, shi ne sau da yawa ba a ma yi awon ba. Wani nazari da ma'aikatan Bankin Duniya suka fitar a 2015 ya gano cewa tsakanin 2002 da 2011 akwai ƙasashe 29 da ba su da alƙaluman talauci ko na shekara ɗaya, wasu 28 kuma na shekara ɗaya tak suke da shi. Indiya ma, duk da girmanta, gwamnatinta ta ƙi sakin sakamakon binciken 2017 zuwa 2018, ta ce bayanan ba su da inganci, aka shafe shekara goma ana cike gurbin da hasashe har sai da aka yi sabo a 2022 zuwa 2023. Kuma wuraren da talauci ya fi ƙamari, wato inda ake yaƙi ko gudun hijira, su ne ma'aikacin ƙididdiga ba ya iya shiga.

Mu Dawo Gida Nijeriya

Duk waɗannan matsaloli sun haɗu a ƙasarmu. A 2018 masu bincike a cibiyar Brookings ta Amurka suka bayyana cewa Nijeriya ta zarce Indiya a yawan masu matsanancin talauci, miliyan 87 a kan miliyan 73. Labarin ya karaɗe ko'ina, amma kaɗan ne suka lura cewa hasashe ne da aka gina a kan tsofaffin bayanai, domin a lokacin babban binciken rayuwar gidaje na ƙarshe da ƙasar ta kammala na 2009 zuwa 2010 ne.

A 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon binciken 2018 zuwa 2019. Ta shata iyaka a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin naira 376 a rana, ta kuma ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan ƙasa, mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da wannan iyaka. Bambancin jihohi ya yi yawa: Sakkwato da Taraba da Jigawa kowacce ta kai kashi 87, Legas kuwa kashi 4.5. Sai dai ba a sa jihar Barno a wannan lissafi ba, saboda rashin tsaro ya hana a zaɓi gidaje yadda ƙa'ida ta tanada. Wato jihar da ta fi kowace ɗanɗana kuɗar rikici ita ce babu ita a jimilla.

A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta sake fitowa da wani adadi, mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari. Wasu suka ɗauka talauci ne ya yi tsalle da miliyan 50 cikin shekara uku, alhali mudu ne daban. Wannan shi ne ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda Sabina Alkire da James Foster suka tsara hanyar lissafinsa, kuma Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya take amfani da shi tun 2010. Shi ba ya tambayar kuɗi. Yana duba ko yara na zuwa makaranta, ko akwai ruwa mai tsafta da makewayi, da me ake girki, a Nijeriya kuma an ƙara da nisan asibiti da batun aikin yi da tsaro. Ya nuna kashi 72 a karkara, kashi 42 a birane, kuma miliyan 86 daga cikin miliyan 133 ɗin a Arewa suke.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai wata babbar ɓaraka. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Ke nan duk sa'ad da aka ce mutum miliyan kaza, kaso ne aka ninka da ƙiyasin yawan jama'a. Mun kuma ga yadda sauya tsarin lissafi ke sauya labari a wasu fannonin. A 2014 aka sabunta lissafin arzikin ƙasa, ya kusan ninkawa zuwa dala biliyan 510 a dare ɗaya. A farkon 2025 aka sabunta na hauhawar farashi, ya sauko daga kashi 34.80 a Disamba 2024 zuwa kashi 24.48 a Janairu. Sabuntawar ba laifi ba ce, aikin ƙididdiga ya gaji haka. Laifin shi ne wani ya riƙe sabon adadin ya ce wa mai cefane sauƙi ya zo.

To, a Jefar da Mudun?

Na san wasu za su ce tunda haka ne duk shirme ne, alƙaluman Turawa ne kawai, talaka ya san kansa ba sai an auna shi ba. Ban yarda da wannan ba. Ko mudun da ke da lanƙwasa, in dai da shi aka auna jiya da yau, zai nuna maka hatsi ya ƙaru ko ya ragu. Raguwar da aka gani a Asiya ba ta takarda ba ce kawai, domin mace-macen ƙananan yara da tsawon rai da shiga makaranta duk sun nuna hanya ɗaya. Haka nan koma-bayan da ake gani a yankinmu, ma'aunin kuɗi da mai fuskoki da yawa duk sun yi ittifaƙi a kansa. Idan shaidu mabambanta suka faɗi magana ɗaya, sai a saurara.

Kuma a tuna wanda zai ci ribar rashin awo. Da alƙaluma ake yanke shawarar inda za a gina asibiti, da jihar da za ta fi samun tallafi, da ƙasar da ta cancanci rance mai sauƙi. Ranar da babu su, rabo zai koma hannun mai uwa a gindin murhu. Shugaban da bai yi aiki ba babu abin da yake so kamar a ce duk lissafi ƙarya ne, domin a nan ne babu mai iya kama shi.

Kammalawa

Shawarata ga hukumomi ita ce a gudanar da ƙidayar jama'a, a kuma mayar da binciken rayuwar gidaje abin da ake yi a kai a kai da kuɗin ƙasa, ba sai masu ba da agaji sun ga dama ba. A bar Hukumar Ƙididdiga ta saki abin da ta gano ko ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba. A nemi dabarar isa ga yankunan da ake rikici da sansanonin 'yan gudun hijira, domin wanda ba a ƙirga ba da wuya a tuna da shi ranar rabo.

Mu ɗaliban Hausa ma muna da namu kason. Takardun tambayoyin nan sai an mayar da su harshen da mutanen gida ke ji, kuma kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba tana iya karkatar da amsar dubban gidaje. Harshenmu ya bambanta talaka da matalauci da mabuƙaci da wanda asirinsa ke rufe, kuma mai tambayar da bai san wannan bambanci ba zai rubuta abin da ba shi aka faɗa masa ba. Haka nan yawancin jama'armu daga gidajen rediyo da jaridun Hausa suke jin waɗannan alƙaluma, wuraren da da yawa daga cikinmu za su yi aiki gobe. Don haka duk ranar da aka miƙo maka takarda an ce talauci ya ragu ko ya ƙaru, kafin ka karanta wa jama'a, tambayi da wane ma'auni aka auna, a wace shekara aka shiga gidajen, kuma su wa aka bari a baya. In an kasa ba ka amsa, to ka gaya wa masu sauraronka hakan.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba shugabanninmu ikon duban na ƙasa da su, amin.